KUNNE AMANA NE: TSOKACI A KAN ƘAURA DAGA KASET ZUWA WAYAR ZAMANI

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya zaga garin Dakoro a yau, ko ya ratsa Kornaka da Birnin Lalle, ko ya ci kasuwar Sakabal, ko ya leƙa rugagen da ke kwarin Tarka, zai lura da cewa rikoda da kaset sun ɓace daga hannun jama'a. Abin da ya maye gurbinsu shi ne wayar salula ta zamani, wadda ake shafa fuskarta da yatsa, wadda kuma aka raɗa wa suna "komai-da-ruwanka". A cikinta mutum yake samo abin da zai saurara, a cikinta yake adana shi, daga cikinta kuma yake kunna shi: karatun Alƙur'ani ne, tafsiri ne, bege ne, waƙar noma ce, waƙar fim ce, ko kuwa irin shirye-shiryen magana da ake ajiyewa a intanet domin a saurara a duk lokacin da aka ga dama, waɗanda ake kira podkas.

Tambayar da muke so mu tsaya a kanta ita ce: shin wanda ya kwashe dukkan abin sauraronsa ya zuba a cikin wannan waya, ma'ajiya kawai ya sauya, ko kuwa wani sabon nauyi ne ya hau wuyansa? Mu dai fahimtarmu ita ce sabon nauyi ne, domin abubuwan da a da suke tsare mana kunne ba tare da mun wahala ba, yanzu sun kau, tsaron ya dawo kan mai kunnen shi kaɗai. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta lissafa ji a cikin abubuwan da za a tambayi bawa a kansu ranar hisabi, har ma ta ambace shi kafin gani da zuciya. Abin da za a tambaye ka a kansa kuwa, amana ne a hannunka.

TAFIYAR DA TA KAWO MU NAN

Kakanninmu ba su san sauti ba sai daga bakin mai shi. Mai son wa'azi sai ya tafi zauren malam, mai son kiɗa sai ya tafi dandali ko ƙofar fada. Daga baya garmaho da faifai suka zo, amma sai masu hali. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, gidan rediyon ƙasa kuma ya buɗe a Yamai a 1958, shi ne wanda ya koma Muryar Sahel a 1974. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, wanda daga bisani ya game ƙasar Hausa baki ɗaya. Ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa kaset ya riƙa shigowa Maraɗi, daga nan ya yi arewa zuwa Dakoro, ɗauke da tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Nasiru Kabara, da waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo, ga kuma namu na gida irin su Mahaman Gao Filinge.

Kamfanin Celtel ya fara aikin salula a Nijar a 2001, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Ba a daɗe ba sai ga ƙananan wayoyi masu ɗaukar memori da Bluetooth, yara suka shiga tura wa juna waƙa a tasha da bakin kasuwa ba tare da ko dala ta fita daga aljihu ba. A can Amurka kuwa iPhone ta fito a 2007, wayar Android ta farko a 2008. Da wayoyi masu araha daga ƙasar Sin, irin su Tecno da itel, suka cika kasuwanninmu, da faranti mai ɗaukar hasken rana ya sauƙaƙa caji har a ruga, sai ƙaurar ta kammala. A yau memori mai giga 8, wanda bai kai farcen babban yatsa ba, yana ɗaukar sauti na sama da awa 100, wato abin da ya fi kaset 60 na minti 90. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. To, ina rawar da ta dace da wannan kiɗa?

SHINGAYE UKU DA SUKA FAƊI

A zamanin kaset akwai shingaye uku da suke tsare mai sauraro, ko ya sani ko bai sani ba.

Na farko shi ne kuɗi. Kaset saye ake yi, batir kuma ƙarewa yake yi. Mutum ba ya fitar da guminsa ya sayi abin da bai yi shawara da zuciyarsa a kai ba, magidanci kuma yakan yi tattalin batir domin ya kai shi labarun duniya ko tafsirin azumi.

Na biyu shi ne shaida. Rikoda ba ta riƙe sirri. In ta buɗe baki gida duka ya ji, har maƙwabta. Yaron da ya sa kaset na batsa, kafin a kai baiti na biyu kawunsa ya leƙo. Kunyar idon jama'a takan hana abin da tsoron Allah bai riga ya hana ba.

Na uku shi ne iyaka. Kaset minti 60 ne ko 90, rabi a kowane gefe. In ya kai ƙarshe sai ya tsaya da kansa, sai ka tashi ka juya shi. A cikin wannan ɗan shiru ne mutum yake jin kiran salla, yake tuna cewa dabbobi ba su sha ruwa ba.

Wayar zamani ta kayar da duka ukun. Sauti ya zama kamar kyauta, abin toshe kunne ya kori shaida, waƙa kuma in ta ƙare wata ce ke biyo ta ba tare da an nemi izininka ba.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin darajar ruwa. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, sai an ɗaura wa raƙumi ko sa igiya ya yi nisa kafin wasaki ya iso baki. A bakin irin wannan rijiya da wuya ka ga mai ɓarnar ruwa. Amma ranar da aka kafa famfo a gari, ran nan ake gane wanda tattali yake a zuciyarsa da wanda wahalar ja ce kawai take hana shi zubarwa. Haka waya ta yi wa kunnuwanmu. Malaman tarbiyya sun rarrabe tsakanin wanda ya bar saɓo saboda bai sami hali ba, da wanda ya bar shi domin Allah alhali yana da iko. Na farko ya kuɓuta daga aikatawa, amma ladan bari yana rataye ne da niyya. Saboda haka bai kamata dattawanmu su cika baki da cewa zamaninsu ya fi tsarkin kunne ba, domin wani ɓangare na wannan tsarki tsadar batir ce ta kawo shi. Bai kamata kuma matasa su ɗauka cewa tunda shinge ya faɗi gonar ta zama ta kowa ba. Sauƙi ni'ima ne, kuma a cikin ni'imar jarrabawa take.

SAƁANIN MALAMAI DA INDA SUKA HAƊU

Ba mu jahilci tsohuwar muhawarar da ke tsakanin malamai game da kiɗa da waƙa ba. Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana sauraron kayan kiɗa da waƙar shagala da gangan, kuma malamai da yawa sun tsananta a kan haka. Imamu Gazali ya keɓe wa sauraro babi guda a cikin Ihya'u, inda ya rataya hukunci a kan abin da waƙar ta ƙunsa, da halin mai sauraro, da lokacin da ake yi. Ibn Hazm na Andalus kuwa ya tafi a kan halasci. Wannan takarda ba fatawa ba ce, kowa ya koma ga malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa.

Sai dai akwai inda dukkansu suka haɗu. Babu wanda ya halatta batsa, ko zambon da ke keta mutuncin Musulmi, ko shagalar da ke sa a tozarta farilla. Haka kuma ƙasar Hausa ta daɗe da sanin waƙa a matsayin jakar ilimi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi da waƙa, 'yarsa Nana Asma'u ta karantar da matan karkara da waƙa ta hannun jajis na 'Yan Taru, Imfirajin Aliyu Namangi kuma ya shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. Saboda haka maganar da za ta biyo baya ta shafi kowa: mai sauraron waƙa, da wanda ba ya sauraron komai sai karatu da wa'azi.

SAYE: HAƘƘIN MAI ABU

A tasha ko bakin kasuwa za ka tarar da saurayi da kwamfuta. Ka miƙa masa waya da 'yan kuɗi kaɗan, ya cika maka ita da waƙoƙi da wa'azi da fina-finai. Shi ya sami abin tuwo, kai ka sami abin sauraro. To, shi wanda ya yi aikin fa, me ya samu?

Masu kare wannan ciniki suna da hujjar da ba za a raina ba. Sukan ce wanda ya kunna fitilarsa daga taka bai rage maka haske ba. An kwafi waƙa, amma ta mai ita tana nan a hannunsa, to ina satar take? Amsa ita ce hasken bai ragu ba, amma wani ne ya sayi man fitilar. Mawaƙi ya ɓata dare yana tsara baiti, ya biya ɗakin ɗaukar sauti, ya biya yaransa. Mai shirya podkas ya yi bincike, ya yi tafiya, ya sayi na'ura. Idan dubu suka amfana da guminsa, kuɗin kuma ya tsaya a hannun wanda bai yi komai ba sai danna kwamfuta, an ci haƙƙi ko da ba a fasa ɗaki ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba wannan mas'ala a zamanta na biyar a Kuwaiti, a watan Disamba na 1988, ta kuma yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a take karewa, bai halatta a yi ta'adi a kansu ba. Nijar ma ta kafa dokar kare haƙƙin mawallafa a 1993, ta sabunta ta a 2010, akwai kuma hukumar BNDA da aka ɗora wa wannan aiki.

Al'adarmu ma ba ta san sauraro ba lada ba. Makaɗin fada da kyautar sarki yake rayuwa, doki ne, riga ce, hatsi ne. Makaɗin noma yana da rabonsa a wurin gayya, ɗan kallo a dandali kuma yakan yi kari gwargwadon hali. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, wadda a da ta zama cibiyar kaset da faifan fina-finan Hausa, ta ciyar da gidaje masu yawa kafin kwafe-kwafe da turi su durƙusar da wannan sana'a.

Gaskiya ne turi yakan kai sunan mutum inda ƙafarsa ba ta kai ba. Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, suka bazu a Sahara daga waya zuwa waya. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tattara irin waɗannan waƙoƙi daga wayoyin mutane a arewacin Mali, ya fitar da su a faifai a 2011, daga nan sunan Mdou Moctar ya kai Turai da Amurka. Amma abin lura shi ne sai da wannan Bature ya sha wahalar neman masu waƙoƙin domin ya biya su, saboda da yawa sunayensu sun ɓace a hanya. Idan baƙo ya ga wajibcin neman mai haƙƙi, ina ga mu da muka yi imani da ranar hisabi? Kuma ba kowane mawaƙi ne yake gamuwa da irin wannan sa'a ba.

A nan mai sauraro yana tsakanin abu biyu. In ka tafi a kan cewa waƙar haramun ce, to samunta kyauta bai halatta maka ita ba. In kuwa ka tafi a kan cewa halal ce, to aikin wani ce, kuma aiki yana da lada. Babu malamin da ya ce haramun ne a saya amma halal ne a ɗauka a ɓoye.

Wani zai ce: ni talaka ne, ba ni da katin banki, ta ina zan biya? Hujja ce mai ƙarfi, kuma Shari'a ba ta kallafa wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Spotify ya iso Nijar a 2021, amma mutum nawa ne a karkararmu suke da hanyar biyansa kowane wata? Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Malamai da yawa sun yi waƙafin karatunsu, sun yarda a kwafa a yaɗa, wannan kuwa babu laifi a kansa, sai ma lada. Mawaƙa da masu shirye-shirye da yawa suna sanya aikinsu da kansu a YouTube ko Audiomack, ko Boomplay da aka fara a Nijeriya a 2015, inda akan ba su wani kaso daga kuɗin talla. Sauraro daga shafin mai abu ya fi karɓa daga hannun wanda ya kwafa. Wanda kuma ya daɗe yana amfana da aikin wani, me zai hana ya aika masa da jikka ɗaya ta Nita ko Amana, kamar yadda ubansa yake yin kari a dandali?

Sa'an nan mai biya ya san abin da yake biya. Kaset in ka saya ya zama naka, kana iya ba da aronsa, 'ya'yanka su gaje shi. Biyan wata-wata kuwa haya ce: ranar da kuɗi ya tsaya, ƙofa ta rufe. Wanda kuma ake ba shi kyauta, da lokacinsa da kuɗin mega da sauraron talla yake biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

ADANAWA: ME KE CIKIN RUMBUNKA?

A da kaset na karatu yana da akwatinsa, ba a haɗa shi da na wasa. Yanzu komai a ƙwarya ɗaya yake. Sau da yawa akan ji Suratu Yasin ta ƙare a wayar mutum, kafin ya kai hannu waƙar soyayya ta ɗauka. Wannan rashin ladabi ne da sakaci ya haifar, maganinsa kuwa bai wuce aikin rabin awa ba: a ware wa kowane iri mazauninsa, a sa wa kowane sauti sunan mai shi, a share abin da ba a alfahari da shi. Ga ma'auni mai sauƙi, ya ɗan'uwa: in yau ajali ya zo, wayarka ta faɗa hannun ɗanka ko mahaifiyarka, akwai abin da za ka so a ce ka goge tun jiya?

Abu na biyu shi ne wa yake yi maka zaɓi. Manhajojin nan an gina su ne domin su riƙe ka, saboda daɗewarka ita ce ribarsu. Suna lura da abin da ka tsaya a kansa, su ƙaro maka irinsa, ba ruwansu da ko alheri ne ko sharri. Wanda ya saurari raddi guda, gobe zai wayi gari da raddi goma, har ya ɗauka addini duka jayayya ce. Mutumin da ba zai yarda baƙo ya zaɓar wa 'yarsa miji ba, yaya zai bar na'ura ta zaɓar wa zuciyarsa abinci?

Abu na uku, wanda ya fi hatsari, shi ne turawa. Mai waya ba mai sauraro ne kawai ba, ya zama gidan rediyo. Akan yanko rabin minti daga karatun awa biyu, a cire farkonsa da ƙarshensa, a watsa a WhatsApp babu suna, babu rana, babu wuri, sai a wayi gari ana zagin malami a kan abin da bai nufa ba. Yanzu ma har an sami na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna binciken isnadi, wa ya ji daga wa, kafin su karɓi magana. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umurni da bin diddigin labari, Imamu Muslim kuma ya kawo a gabatarwar Sahihinsa gargaɗi mai tsanani ga mai yaɗa duk abin da kunnensa ya ɗauko. Mu da muke zaune a kan iyakar noma da kiwo mun san abin da magana ɗaya take iya haddasawa tsakanin mai gona da mai garke. Jahar Maraɗi ba ta manta da abin da ya faru a Toda a 1991 ba, inda aka rasa rayuka sama da 100. Yankin da ya ga irin wannan bai kamata ya yi wasa da sautin da ba a san tushensa ba. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi kowace saurin fita.

SAURARO: IN BABU MAI GANI

Abin toshe kunnen nan da ake kira ekuter ko iyafis ya yi wani aiki da ba a taɓa yi ba: ya ba yaro ɗaki mai ƙulli a tsakiyar gidan ubansa. Yana zaune a gabanka, amma ba ka san majalisar da yake ciki ba. A nan ne ma'anar ihsani take bayyana, wato bawa ya yi aiki da yaƙinin cewa Allah Yana ganinsa. Wanda tarbiyyarsa ta tsaya a kan tsoron idon kawu, ranar da kawu ya daina ji babu abin da ya rage masa. Saboda haka aikin iyaye ya sauya. Tsawa daga nesa ba ta isa ba, sai an zauna da yaro an saurara tare, an tambaye shi me ya ji daɗi a ciki, an nuna masa dalilin ƙin abin da aka ƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma haƙƙin abokin zama. Ka iske samari shida a fada sun kewaye butar shayi, kowa kunnensa a toshe, dattijo ya yi sallama babu mai amsawa, alhali amsa sallama wajibi ce. Kishiyar wannan shi ne mai buɗe wayarsa a cikin motar haya ko ɗakin marasa lafiya, ya tilasta wa kowa jin abin da ya zaɓa. Ko da karatun Alƙur'ani ne, aya ta 204 a Suratul A'arafi ta yi umurni da saurare da yin shiru in ana karanta shi. Wanda ya kunna shi a tsakiyar ciniki da hayaniya bai girmama shi ba, ya kuma jefa mutane cikin ƙunci.

Jiki ma yana da haƙƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 suna fuskantar hatsarin raunin ji saboda sauraro da ƙarfi fiye da kima, ta kuma ba da shawarar kada baligi ya wuce awa 40 a mako a kan ƙarfin sauti na desibel 80. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Ɗan kabu-kabun da ya toshe kunnuwansa biyu ya ɗauko fasinja kuwa, ya yi wasa da rai biyu.

SHIN A JEFAR DA WAYAR NE?

Wasu daga cikin dattawanmu suna ganin mafita ita ce a koma ƙaramar waya, a huta. Wanda ya san kansa da rauni ya yi haka, ya kyauta, domin rigakafi ya fi magani. Amma ba za a mayar da wannan doka a kan kowa ba, saboda alherin da ke cikin wayar ba ƙarami ba ne. Makaho da wanda bai iya karatun boko ko ajami ba, yanzu ɗakin karatu guda yana aljihunsu. Matar aure tana daka tana bitar haddarta. Makiyayi a bayan garkensa yana jin tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda ya rasu tun 2007, kamar yana zaune a gabansa. Shirye-shiryen Studio Kalangou, da aka fara a Yamai a 2016 cikin Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci da Faransanci, wanda bai same su a rediyo ba yana iya samunsu a waya. Babu mai hankalin da zai toshe famfo domin wasu suna ɓarnar ruwa. Sai dai a tuna cewa sauti ba ya maye gurbin malami, domin ba a tambayarsa ya amsa, ba ya kuma gyara maka in ka fahimta a karkace.

KAMMALAWA

Ya 'yan'uwa, shingayen nan uku da zamani ya kayar ba za su tashi da kansu ba, kowa shi zai kafa nasa. A madadin shingen kuɗi, mutum ya tambayi kansa kafin ya karɓi sauti: na wane ne, ya yarda, kuma me na ba shi? A madadin shingen shaida, ya mayar da wayarsa abin da ba ya jin kunyar miƙa wa matarsa ko ɗansa ko malaminsa, kada kuma ya tura abin da bai san tushensa ba. A madadin shingen iyaka, ya yanka wa kansa lokaci: kunne a buɗe lokacin salla, da lokacin cin abinci da iyali, da kan hanya, da gaban manya. Ya kuma bar wa kansa wani rabo na shiru a kowace rana, domin a cikin shiru ne ake tuna Allah, ake kuma narkar da abin da aka ji.

Muna kira ga limamai da malaman makarantun Islamiyya da su sanya wannan batu a cikin huɗubobi da darussansu. Muna kira ga masu sana'ar turi da su nemi yardar masu haƙƙi, su kuma tsarkake kwamfutocinsu daga batsa, domin abin da suka zuba a wayar yaro suna da kamasho a cikinsa.

Allah Ya tsare mana jinmu da ganinmu, Ya sanya mu cikin masu sauraron alheri su yi aiki da shi, Ya yafe mana haƙƙoƙinSa, Ya ba mu ikon sauke na bayinSa. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.